Tambayi Likita: Me ya sa magani ɗaya zai kama wani, ya ƙi kama wani?

Assalamu alaikum, jama'ar Gombe da kewaye. Yawancin tambayoyin da suka taru a wannan karon sun haɗu a wuri guda, wato hanta da abin da take yi da maganin da muke haɗiya. Na fara da tambayar wata ɗaliba, domin amsarta ce za ta share wa sauran fage. Wanda ya ga ta yi masa nauyi ya daure ya karanta, zai ga amfaninta tun daga tambaya ta biyu.

Likita, ni ɗaliba ce a fannin harhaɗa magunguna a Jami'ar Jihar Gombe. An yi mana darasi a kan CYP2D6 amma bai zauna mini ba. A ina yake a jikin mutum, kuma yaya ƙirarsa take? (Ɗaliba, Tudun Wada)

'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Mu faro daga tushe. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, a jere bibbiyu, jeri 23. A kowane jeri ɗaya daga uwa ya zo, ɗaya daga uba. A jikin kuromosom ɗin ne ƙwayoyin gado suke zaune, kowace da gurbinta.

Ƙwayar gadon CYP2D6 tana kan kuromosom na 22. Kin san kowane kuromosom yana da gajeren hannu da ake yi wa alama da p, da dogon hannu da ake yi wa alama da q. Ita a dogon hannun take, a gurbin da ake rubutawa 22q13.2. Idan kin ga 22q13.1 a tsofaffin littattafan laburare kada ki ruɗe, ita ɗin ce, awo ne aka ƙara tantancewa daga baya. Wannan kuromosom na 22 yana cikin ƙanana, kuma shi ne na farko a kuromosom ɗin ɗan'adam da masana suka wallafa karatun jerin DNA ɗinsa, a 1999.

Tsawon ƙwayar gadon kusan haruffan DNA 4,400 ne. Tana da gaɓoɓi 9 masu ɗauke da saƙo, su ne ekson, da wasu 8 a tsakaninsu, su ne intiron, waɗanda ake yankewa a fitar kafin a haɗe saƙon. Abin da ya rage shi ake karantawa a ƙera furotin mai amino asid 497, wato tubalan da ake gina furotin da su. Wannan furotin shi ne enzayim ɗin CYP2D6, wato sinadarin da yake sarrafa magani a jiki, kuma mafi yawan aikinsa a hanta yake. Yana cikin dangin sitokurom P450, waɗanda mutum yake da ƙwayoyin gadonsu masu aiki guda 57. Kasonsa a cikin danginsa da ke hanta ɗan kaɗan ne, amma kimanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na magungunan da muke rubutawa sai sun bi ta hannunsa.

Wurin da nake so ki fi riƙewa shi ne maƙwabtansa. Dab da shi akwai CYP2D7 da CYP2D8, masu kama da shi ƙwarai amma ba sa ƙera komai mai aiki. CYP2D7 harafi ɗaya ne ya ƙaru a gaɓarsa ta farko, ya hargitsa karatun gaba ɗaya. Lokacin da jiki yake samar da ƙwan mace ko maniyyi, kuromosom ɗin uwa da na uba sukan jeru su yi musayar sassa. Saboda yawan kamannin da ke wannan yanki, wani lokaci sai su jeru a karkace. Sakamakon haka kuromosom ɗaya ya tashi ba CYP2D6 ko kaɗan, shi ne nau'in da ake kira *5, ɗayan kuma ya tashi da biyu. A 1993 masana a Suwidin sun bayyana wani iyali da ke da kwafi 13 a kan kuromosom guda. Ban da gogewa da ninkuwa, akwai ƙananan sauye-sauyen haruffa, har nau'o'in da aka sani sun haura 100.

Yadda aka gano wannan bambanci ma abin tunawa ne. A tsakiyar shekarun 1970, wani masanin magunguna mai suna Robert Smith a asibitin St Mary's da ke Landan ya sha maganin hawan jini mai suna debirisokwin tare da abokan aikinsa don gwaji. Su ba abin da ya same su, shi kuwa jininsa ya faɗi warwas. Binciken da ya biyo baya, wanda aka wallafa a 1977, ya nuna abin gado ne. Yau mun raba mutane kashi huɗu: waɗanda enzayim ɗinsu ba ya aiki, masu rauni, matsakaita, da masu gaggawa fiye da kima. A cikin Turawa 5 zuwa 10 cikin 100 nasu ba ya aiki sam. A Afirka kuwa mai rauni ya fi wanda ba ya aiki sam yawa, musamman *17 da aka fara bayyanawa a Zimbabwe a 1996. A Habasha an samu kusan 29 cikin 100 suna ɗauke da kwafi fiye da ɗaya a kuromosom. Idan kin fara aiki a ɗakin magani, ki tuna duka kashi huɗun nan za su iya tsayawa a layi ɗaya a gabanki, kuma fuska ba ta nuna wane ne wane.

Likita, ni direban Keke Napep ne, ina lodi a wajen Tashar Dukku. Ciwon baya ya dame ni. Abokina tiramol ɗaya yake sha ya ji garau, ni kuwa sai na sha uku ko huɗu. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce jinina ne mai ƙarfi, in ƙara kawai. Haka ne? (Matashi, Jekadafari)

Ɗana, saƙonka ne ya fi tayar mini da hankali a duk waɗanda na karanta, kuma ina roƙonka ka karanta amsar nan har ƙarshe kafin ka sake kai ko ƙwaya ɗaya bakinka.

Babu wani abu wai shi jini mai ƙarfi da yake hana magani aiki. Wannan magana ta kwantar da samari da yawa a gadon asibiti, wasu kuma ba su tashi ba. Ina jin ta a bakin direbobi, da masu dako a kasuwa, da 'yan kwadago a gonakin Dadin Kowa, har mutum yana faɗinta da alfahari. Ba jarunta ba ce. Shi kuwa wanda ya ce maka ka ƙara, wallahi bai yi maka adalci ba, cinikinsa ya duba.

Ga abin da yake faruwa. Tiramol da kodin ba sa kashe zogi sosai a yadda aka haɗiye su. Sai sun isa hanta, enzayim ɗin nan da na yi wa 'yar'uwarka bayani a sama ya juya su. Kodin yakan koma mofin, maganin kashe zogi mai ƙarfi, tiramol kuma ya koma wani sinadari da ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba wajen danne ciwo. Ka ɗauke shi kamar injin niƙa. Wani injinsa lafiyayye ne, ka zuba kwano ɗaya ya ba ka garin kwano ɗaya a kan lokaci. Wani injinsa a lalace yake, ko buhu ka juye masa gari ba zai fito ba, sai dai hatsin ya taru ya yi ta zuba ƙasa. Wani kuma inji biyu ko uku ne suke gudu lokaci guda, kafin ka juya ya niƙe komai.

Idan kai mai lalataccen injin ne, ciwonka ba zai ragu sosai ba komai yawan abin da ka sha, amma tiramol ɗin da ba a juya ba yana nan yana taruwa a jininka. Shi kansa yana da nasa aikin a ƙwaƙwalwa, kuma idan ya yi yawa jijjiga yake kawowa irin ta farfaɗiya. Idan kuma wani mai gaggawar hanta ya ji shawararka ya sha uku kamar yadda kake yi, ƙarfin maganin zai hau kansa lokaci guda, barci ya ɗauke shi, numfashinsa ya yi ta raguwa har ya tsaya. A wajenmu ma akwai irin waɗannan mutane. Shi ya sa ba a cewa "ni ma shi nake sha, karɓi ka gwada."

Amma akwai wata tambaya da zan yi maka, ka amsa wa kanka tsakaninka da Allah. Da can farko, guda ɗaya yana yi maka? Idan yana yi, sannan a hankali ya koma biyu, ya koma huɗu, to ba gado ba ne, sabo ne. Jikinka ya saba, kuma alamar kamuwa ke nan. In ranar da ba ka sha ba kana jin kasala, da hamma, da zufa, da ciwon gaɓoɓi, da saurin fushi, to ka riga ka shiga hannu, kuma wani ɓangare na ciwon bayan da kake ji yanzu rashin ƙwayar ne yake kawo shi.

Mu yi lissafi. Tiramol ɗin da aka amince da shi a ƙasar nan mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma ko a asibiti ba ma wuce 400 a yini ga babba mai lafiyar ƙoda da hanta. Wanda ake sayarwa a bayan fage yakan zo da 200, ko 225, ko 250. Idan mai 225 kake sha, uku sun kai 675, huɗu sun kai 900. Da wannan a jikinka kake ɗaukar mata da yara 'yan makaranta a keke.

An taɓa kawo mana wani saurayi sa'anka, a kwance a kujerar bayan kekensa, abokansa ne suka tuƙo shi. Ya ciji harshensa, rigarsa duk jini da manja. Da jijjigar ta kama shi sai suka cusa masa cokali a baki har haƙori ya karye, suka ɗura masa manja wai ya karya ƙarfin ƙwayar. Jijjigar mun tsayar da ita cikin ɗan lokaci. Manjan da ya gangara huhunsa shi ne ya riƙe shi a gado, yana numfashi da taimakon iskar oksijin. Jama'a, don girman Allah ku daina wannan. Wanda yake jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa komai a baki, ba cokali, ba manja, ba madara, ba ruwan rubutu, sannan a garzaya da shi asibiti. Wanda kuma ya sha ƙwaya ya yi barcin da ba a iya tashinsa, yana wani irin minshari, numfashinsa jefi-jefi, baƙin idonsa ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, kada a ce a bar shi ya huta. Akwai allurar naloksom da take warware wannan, amma sai an kawo shi da sauran numfashi.

Kai kuma ga abin da za ka yi. Kada ka ƙara, kuma kada ka haɗa shi da lemon ƙara kuzari, ko maganin barci, ko barasa. Idan ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke shi dare ɗaya kai kaɗai, domin wahalar za ta mayar da kai. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ka faɗa wa likita gaskiyar adadin da kake sha. Ba kama ka za a yi ba, rage maka za a yi a hankali. Idan an tura ka sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kada ka ji kunya, can ne masanan wannan matsala suke. A duba bayan naka kuma. Yawancin ciwon bayan masu keke daga dogon zama ne da girgizar hanya, kuma akwai motsa jiki da gyaran zama da suke taimakawa. Amma idan ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari yana kufce maka, wannan na gaggawa ne, a ranar za ka je. Ina jiran ka sake rubuto mini ka ce ka je.

Assalamu alaikum likita. Kwanana goma da haihuwa, tiyata aka yi mini. Wurin ɗinkin yana mini zogi, sai ƙanwar mijina ta ba ni ragowar maganinta, na ga an rubuta akwai kodin a ciki. Tun da na fara sha jaririn barci kawai yake yi, ba ya kama nono sosai. Surukata ta ce yaro ne mai haƙuri. (Maijego, Pantami)

Barka da arziki, ƙanwata, Allah ya raya. Amma ki ajiye maganin nan yanzu, kuma a kai yaron asibiti yau, ba gobe ba. Ki tafi da kwalin maganin a hannu.

Kodin ɗin da kika sha hantarki tana juya shi zuwa mofin, mofin kuma yana shiga ruwan nono. Idan kina cikin masu gaggawar hanta, abin da zai shiga ya fi na sauran mata, ga shi hantar jariri ɗan kwana goma ba ta gama ƙwari ba, ba ta iya fitar da shi da wuri. Saboda irin wannan hatsari ne hukumar kula da magunguna ta Amurka a 2017 ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa su guje su. Mu ma a nan gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma har yanzu akwai ƙwayoyin ciwo masu ɗauke da shi a jakunkunan mutane.

Ki gaishe mini da Hajiya, ki faɗa mata cikin ladabi cewa jaririn da ba ya tashi da kansa ya nemi nono, wanda jikinsa ya saki, ba haƙuri yake yi ba. Ko da ba maganin ba ne, shawara da cutar da ta shiga jini da ƙarancin sukari duk haka suke farawa a jarirai, kuma kowannensu ba ya jira. Idan leɓensa ya fara canza launi ko numfashinsa yana ɗaukewa, ko tsakar dare ne a fita. Ke ma a duba ɗinkinki, domin zogin da yake ƙaruwa a kwana goma yana iya zama wurin ne ya ɗauki ruwa. Akwai maganin ciwo da ya dace da mai shayarwa, za a ba ki. Tun da muna maganar jariri, idan akwai kafur a akwatin kayansa a cire shi, a wanke kayan tas. Yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo musu mummunar shawara.

Likita, an gwada jinina kafin aure an ce ni AA ne. Ke nan hantata tana sarrafa magani daidai? (Ango, Kumo)

Allah ya sanya alheri, ango, amma babu alaƙa. AA da AS da SS maganar ƙwayar gadon jini ce da ke kan kuromosom na 11, wannan kuwa a na 22 take. Mai AA zai iya zama cikin kowane kashi huɗun.

Ni da matata 'ya'yan wa da ƙani ne. Wannan zai sa hantar 'ya'yanmu ta kasa sarrafa magani? (Magidanci, Dukku)

Malam, auren zumunci yana ƙara yiwuwar yaro ya gaji nau'i iri ɗaya daga ɓangare biyu, amma raunin wannan enzayim ba cuta ba ne. Mutum zai rayu lafiya har tsufa bai san yana da shi ba, sai in ya haɗu da maganin da ya shafa. Gwajin sikila shi ne wanda ya kamata ku tabbatar kun yi.

Ina shan maganin tarin fuka wata na uku ke nan. Tarin ya lafa, amma tafin ƙafata yana zafi kamar an zuba barkono, yatsuna suna mutuwa. Maƙwabcina da muka fara tare ba abin da yake ji. In daina ne? (Manomi, Deba)

Kada ka daina, Malam, amma ka koma wurin da kake karɓar maganin cikin makon nan ka faɗa musu. A cikin magungunan da kake sha akwai isoniyazid. Shi wani enzayim ne daban yake sarrafa shi, sunansa NAT2, kuma ƙwayar gadonsa tana gajeren hannun kuromosom na 8, a gurbin 8p22. Ƙirarta ba irin ta CYP2D6 ba ce, duk saƙon furotin ɗinta mai amino asid 290 a gaɓa ɗaya yake, ba a yanyanka shi ba. Tun shekarun 1950, da aka fara amfani da isoniyazid, likitoci suka lura wasu suna fitar da shi da wuri, wasu kuma yana jimawa a jininsu. Masu jinkirin suna da yawa a cikinmu, kuma su ne suka fi samun wannan zafin ƙafa, saboda maganin yana cinye sinadarin bitamin B6 da jijiyoyi suke buƙata. Mai ciwon sukari, da mai ƙarancin abinci, da mai juna biyu, da mai ɗauke da HIV sun fi saurin kamuwa. Gyaransa mai sauƙi ne, ƙwayar bitamin B6 za a haɗa maka, kuma gara a fara da wuri kafin jijiyoyin su ji jiki sosai.

Lafawar tari ba warkewa ba ce. Wata shida ne, sai ka cika su. Wanda ya yanke a hanya shi ne yake dawowa da tarin da ba ya jin magani, ya kuma shafa wa iyalinsa. Idan kana ganin jan fitsari, daga rifamfisin ne, ɗaya daga cikin magungunan da kake sha, ba komai. Abin da ba za ka jira ba shi ne idan idonka ya zama rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gefen cikinka na dama yana ciwo. In ka ga ɗaya daga cikinsu, kada ka sha na ranar, ka tafi asibiti a ranar.

Ina shan maganin tarin fuka, kuma ina da ashanar tazarar haihuwa a hannu. An ce ba sa jituwa? (Uwar gida, Bajoga)

Gaskiya aka faɗa miki, Hajiya. Rifamfisin yana zaburar da hanta ta riƙa lalata sinadarin ashanar da na ƙwayoyin tazara da sauri, sai ciki ya shiga ba a shirya ba. Allurar wata uku da robar mahaifa ba ya taɓa su. Ki je ɗakin tazarar haihuwa ki faɗa musu maganin da kike sha.

Likita, akwai mai maganin gargajiya da yake zuwa kasuwarmu da mota da lasifika, yana sayar da maganin wanke hanta a jarka. Ya ce mu da muke yawan shan maganin bature sai mun wanke dattinsa. In saya? (Ɗan kasuwa, Kaltungo)

Kada ka saya. Hanta ba ta tara wani datti da ruwan jarka zai wanke, ita ce ma take tace duk abin da ka sha, har da abin da ke cikin jarkar. Ba ka san itacen da aka jiƙa ba, ba ka san yawansa ba, ba ka san ko an daka ƙwayoyin asibiti an zuba a ciki don mai sha ya ji sauƙi nan take ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu sayensa yawanci waɗanda hantarsu ta riga ta jigata ne, masu ciwon hanta nau'in B da ba su san suna da shi ba. Mutum ya ga idonsa ya yi rawaya, maimakon asibiti sai ya yi wata guda yana shan jiƙo, sai ciki ya kumbura, hankali ya fara gushewa, sannan a ɗauko shi ranga-ranga a ce likita ya yi wani abu. A lokacin abin da za mu iya yi ya ragu ƙwarai.

Kuɗin jarkar ka kai su ɗakin gwaji a duba maka ciwon hanta nau'in B. Idan ba ka da shi akwai rigakafi, idan kana da shi akwai kulawa da magani. Kuma ka rage haɗe-haɗen kemis da ake ƙullawa a leda. Farasitamol kansa, da muke ɗauka ba komai ba, iyakarsa ga babba giram 4 ne a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Yawancin maganin mura yana ɗauke da shi a ciki, sai mutum ya haɗa biyu ya zarce bai sani ba, kuma hanta ce take biyan kuɗin.

Akwai abincin da zai ƙara wa wannan enzayim ƙarfi? (Malamar makaranta, Billiri)

Babu, Malama. Ba zogale, ba zuma, ba habbatussauda. Abin da aka gada shi ne. Sai dai akwai magungunan da suke danne shi, irin su fuloksetin da faroksetin na ciwon damuwa, shi ya sa mai shan tamoksifen don sankarar mama, wanda shi ma sai wannan enzayim ya juya shi, dole ta sanar da likitanta kafin a haɗa mata su.

Likita, ina da ciwon sukari, ƙafafuna suna zogi da dare. An rubuta mini amitiriftilin ƙwaya ɗaya kafin barci. Tun da na fara, ko sallar asuba ba na iya tashi, bakina a bushe, in na miƙe sai jiri. Ƙanena kuwa biyu yake sha yana zuwa gona. Tsufa ne? (Dattijo, Bolari)

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shekaru suna da nasu kason, domin hanta da ƙoda suna rage sauri idan an manyanta. Amma wannan maganin yana cikin waɗanda CYP2D6 yake fitarwa daga jiki, tare da wani ɗan'uwansa CYP2C19 da ke kan kuromosom na 10. A nan abin ya sha bamban da na tiramol: shi wannan yana aiki tun yadda aka sha shi, hanta kawar da shi take yi. Wanda enzayim ɗinsa yake da rauni, ƙwaya ɗaya za ta taru a jininsa ta yi masa aikin biyu ko uku. Ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke da ƙanenku, kowannenku zai iya ɗaukar kwafi daban daga iyaye. Gwajin wannan ƙwayar gado ba ya cikin gwaje-gwajen yau da kullum a asibitocinmu, don haka abin da majinyaci ya faɗa mana shi ne ma'auninmu, kuma abin da kuka faɗa ya isa a sake duba awon.

Jirin nan shi ne abin tsorona, kada ku faɗi a banɗaki ku karya ƙugu. In za ku tashi daga kwance ku fara zama a bakin gado tukuna, ku ɗan jima, sannan ku miƙe. Ku koma wurin likitan da ya rubuta cikin kwanakin nan, akwai ƙaramin awo mai miligiram 10, akwai kuma wasu magungunan daban. Idan fitsari ya ƙi fita, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, ko kuka ji kanku yana rikicewa, a kai ku asibiti nan take. Ranar da za ku je, a sa yaro ya tattara duk abin da kuke sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har wanda ƙanenku ya ba ku idan akwai, a ajiye wa likitan a kan tebur ya gani da idonsa.